Yadda Ake Haɗa Balan-balan Bayan Mai Awon Ya Rasu

'Yar'uwa, in kika bi abin da zan faɗa miki, na ba ki tabbaci balan-balan ɗin takarda zai tashi da sunan gidanki ranar takwas ga Sallah. Ban wuce aji uku ba, amma shekara goma sha tara ina kallon marigayi mijina Marsudi yana haɗawa, ni ina miƙa masa shayi. Mai miƙa shayi ai rabin gwani ce.

1. Ki samu mai raina ki.
Aikin nan ba ya farawa sai da haushi. Namu Baba Wagiman ne, mai rabon wurin tashin balan-balan a filin ƙauyenmu na Wonosobo. Ya zo gaisuwa, ya ce, "Bana sai a ba wasu gurbin Marsudi ko? Gida duk mata." Surukata Ngatinem ta tura masa faranti. "Ci ayabarka, Wagiman. Gurbin ɗana yana nan."

2. Ki ce wa yara darasi ne.
Ki shimfiɗa tabarma, ki ce yau lissafi za a koya a gida. Babbar 'yata Lastri ta ce, "Mama, ke da ba ki iya raba bakwai gida biyu ba?" In taki ta faɗi haka, ki ce mata shi ya sa aka haife ta.

3. Awo.
Marsudi bai taɓa rubuta komai ba. Abin da na riƙe kawai, falle ashirin da huɗu, kowanne kamu goma sha biyu. Kamun wa? Nasa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Hannun kuwa yana maƙabarta tun watan Mauludi. To, kowa ta auna da nata. Ni falle takwas, Lastri mai dogon hannu takwas, surukata da autata Ratih suka raba sauran. Masana sun ce adalci ya fi daidaito.

4. Ki dama gam na garin rogo.
Ki dama da yawa, don auta za ta shanye rabi, tururuwa su ɗauki nasu. In hawaye ya ɗiga a tukunyar kada ki zubar. Ki ce gishiri yana ƙara danƙo.

5. Ki manna.
Inda falle bai kai ba, faci. Inda ya wuce, naɗewa. Ki sa zoben gora a bakinsa. Kada ki ja da baya ki kalle shi.

6. Ki kai shi fili da sassafe, kafin iska ta tashi.
Ku hura wuta da ɓawon kwakwa da karan shinkafa, ku riƙe bakin a kan hayaƙi. Na kowa ya kumbura sumul kamar ƙwai. Namu ya turo tumbi gaba, kafaɗa ɗaya ta sauka. Wagiman ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wannan balan-balan ne ko buhun dankali?"

Surukata ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ratih, zo ki ga tumbin ubanki. Ga ma kafaɗar da kwandon taba ya karkatar."

Wani dattijo ya ce, "Wallahi Marsudi ne." Dariya ta cika fili, har da ni, ina share ido da gefen ɗankwali. Wagiman ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya nufi lasifika. "Gidan Marsudi, bismillah."

7. Ki riƙe igiyar da kanki.
Hukuma ta hana a sake shi saboda jiragen sama, kuma na gode wa hukuma. Zai hau yana rangaji kamar mai dawowa daga gona. Igiyar za ta riƙa jan tafin hannunki, irin jan mutum mai sauri a kasuwa. In hayaƙin ya huce, sai ki jawo a hankali. Wannan kam, in an jawo shi yana dawowa gida.

A kula: ba ruwana da girar da ta ƙone, ko rufin maƙwabci, ko cikin yarinyar da ta sha gam. In naki ya fito sumul kamar ƙwai, kada ki zo wurina, ke kika nemo tef ɗin awo. Mu dai an bar mana gurbinmu, kuma surukata ta ce baɗi ma kada wanda ya shigo mata gida da abin awo.