Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Masu Nono

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallama wa hukuncin Ubangiji, Musbahu Jalo na garin Gwarzo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman matan rugagen Kutama da Lakwaya, rasuwar wayarsa wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a tafin hannunsa, tana bakin aiki.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a aljihun yayansa Badaruddeen, lokacin da wani kamfanin sayen nono ya ɗauke shi wakili. Mata su kawo nono rumfa a auna, ƙarshen mako kamfani ya tura wa kowacce haƙƙinta ta banki, wakili kuma ya bi sawun wanda ya maƙale. Da Allah ya karɓi ran Badaruddeen bara waccan, Musbahu ya gaji aikin, ya gaji wayar.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da gaskiya. Idan kuɗi ya shiga, sai ta ce "ƙil", a hankali, ta yi shiru. Idan banki ya ƙi karɓa ya maido, sai ta kama "ɗirr, ɗirr" tana kakkarwa a aljihu, ba za ta bari ba sai an duba ta. Ba ta taɓa cewa ya tafi alhali bai tafi ba. Wani lokaci asusun ne ya daɗe ba a taɓa shi ba, wani lokaci lamba ce ta kauce, wani lokacin kuma bankin ne kawai ya yi gum. Duk da haka ita ake nuna wa yatsa a rumfa, a ce ga abar da ta cinye kuɗin, ba ta kuwa taɓa ramawa ba.

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ya kumbura tun daminar bara, fuskarta ta tsage, har sai da aka ɗaure ta da kyauro. Musbahu ya sha jin shawarar ya sauya ta, ya ƙi.

A makonta na ƙarshe ne haƙƙin Inna Gwamma ta Kutama ya dinga dawowa. Tsohuwa ce mai riƙon jikoki, kuma saniyar da suke tatsa ta kwanta, likitan dabbobi ya ce sai an sayo allura. Ta zo rumfa ta tsuguna kusa da Musbahu.

"Ɗan nan, ni ban san banki ba, kai na sani. In saniyar nan ta faɗi, da me zan riƙe yaran?"

Da ya bincika sai ya ga kamfani ya rubuta Gwamma, banki kuwa Fatimatuz Zahra ya sani, sunanta na yanka. Ya gyara, ya hau tudun bayan rumfa inda sabis yake ɗan kamawa, ya danna. 'Yar da'irar nan ta jira a fuskar waya ta fara juyawa, tana juyawa, sai fuskar marigayiyar ta dushe. Ba ta ce "ƙil" ba, ba ta ce "ɗirr" ba. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya goga ta a rigarsa. Ta riga ta tafi.

Ya tsaya a kan tudun bai san abin da zai gaya wa tsohuwar ba. Idan ya ari waya ya sake turawa, wataƙila a biya sau biyu, kamfani ya dakatar da ita daga kawo nono. Idan ya bari, wataƙila babu abin da ya tafi. A nan ya tuna wani saƙon murya da yayansa ya taɓa bar masa a cikin wayar: "Musbahu, in ta yi shiru kar ka sake turawa. Ka je da ƙafarka ka tambaya." Ya ɗora Inna Gwamma a babur, suka keta taɓo har Gwarzo. Ma'aikaciyar banki ta duba, ta ce kuɗin ya shiga tun da hantsi. Marigayiyar ta sauke nauyin da ke kanta kafin ta cika. An yi wa saniya allura, ta kuma tashi.

Washegari ya kai gawar wurin Mijinyawa mai gyaran waya a Kabo. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye sukundireba.

"Sai haƙuri, ƙwaƙwalwar ta ƙone. Amma aikinku ai kamfani zai zuba maka a sabuwa."

"Ba aikin nake tambaya ba. Saƙonnin muryar fa?"

Mijinyawa ya girgiza kai. Musbahu ya zauna a bencin shagon har aka kira azahar. Duk Juma'a mahaifiyarsu, Hajiya Uwaliya, takan ce a kunna mata ta ji Badaru yana dariya yana faɗa kan rashin sabis. Babu inda aka ajiye muryar sai a wayar.

Marigayiyar ta bar caja mai ɗaurin zare, da layi wanda yanzu yake zaman maraici a aljihun gaba, da mata masu nono da suka zage ta a raye, yanzu suke tambayar ina take.

Ba za a yi mata sallah ba, domin malamai sun tabbatar waya ce. Za a naɗe ta a farin ƙyalle ranar Juma'a bayan la'asar, a sa ta a ƙasan adakar Hajiya, idan Musbahu ya sami bakin gaya mata. Za a karɓi gaisuwa a rumfar awon nono ta Kutama. Masu niyya su taho da kansu. Kada a kira, ba za ta shiga ba.