Ranar da Na Kawo Wuta Unguwarmu

A duk garin Garwa, daga bakin kogin Binuwai har hanyar Gider, ba a haifi wanda ya fi ni sanin lantarki ba. Ra'ayina ke nan har ranar da na sayo dogon ƙwan LED don in sa a madadin tsohon ƙwan neyon ɗin zaurenmu.

Mai shago ya ce in kashe mita tukuna, sannan in cire balas, wato ɗan akwatin da ke cikin mazaunin ƙwan, in haɗa wayoyin kai tsaye. Na iso gida na tarar an ɗauke wuta. Matata ta ce, "Alhaji, ka dai kashe mitar."

Na ce, "Hajiya, wutar da babu ita zan kashe?"

Na hau tebur, na kama waya biyu tsirara, ina yi wa maƙwabcina Modibbo bayanin kimiyya. Sai aka kawo wuta. Duk unguwa ta ɗau ihun murna, nawa ya danne na kowa. Hulata kuwa a tsakar gida aka tsinto ta.

Yatsuna sun warke. Amma har yau, da fanka ta tsaya sai Modibbo ya leƙo: "Alhaji, zafi zai kashe mu. Taimaka ka kama wayar nan, ko za su kawo."