Rasuwar Wayar Malam Bokiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun riga da ya zama wayam, malamin tattaunawa na aji biyu a ƙaramar sakandare, wanda ɗalibai ke kira Malam Bokiti a bayan idonsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa. Ta cika tana da shekara shida, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha faɗuwa a siminti har fuskarta ta tsage, ba ta taɓa kai ƙara ba. Babbar amanar da ta riƙe ita ce saƙon murya na daƙiƙa sha tara daga mahaifiyarsa da ta rasu bara, wanda babu shi ko'ina sai a cikinta: "Auta, ka ci abinci kuwa? Ka rage zafi da 'ya'yan mutane." Kullum sai ya saurara, amma rabin farko kaɗai yake aiki da shi. Matarsa ta yi ta fama ya kwafe saƙon, yana cewa gobe.

Dokokin ajinsa biyu ne, kuma shi ya kafa su. Babu mai magana sai wanda ke riƙe da rular katako, kuma sai ya fara da "ina girmama ra'ayinka". Sannan duk wayar da ta yi ƙara a aji, ko ta wane ce, sai ta sha wanka a bokitin ruwan goge allo. Wayoyi goma sha ɗaya ya nitsar da hannunsa. Ta ƙarshen ta wata yarinya ce a bencin baya, da ta durƙusa tana roƙo, mahaifiyarta na asibiti, daga can ake kira. Ya ce doka ba ta da uwa. Sai da aka tashi yarinyar ta je ta tarar da gidansu cike da masu kuka.

Ajali ya zo ranar Talata da hantsi. Shugabar makaranta na zaune a baya, ta zo ganin tsarin da yake cika baki da shi, sai aljihun Malam ya ɗauki kiɗa. Yara suka zuba masa ido. Ya yi wuf ya ce muryar mahaifiyarsa na ciki, monitan aji ya tuna masa cikin ladabi cewa ba ya riƙe da rula. Ya ɗaga hannu kamar kowa. Rula ta bi benci-benci, yara talatin da huɗu, babu mai ɗaga murya, babu mai katse wani, har shugaba na gyaɗa kai. Sau uku ta wuce ta gaban hancinsa.

Da ta isa bencin baya, yarinyar ta miƙe. "Malam, ina girmama ra'ayinka, amma doka ba ta da uwa."

Shi da kansa ya saka wayar a ruwan. Kalamanta na ƙarshe ɓul-ɓul ne guda biyu. Wanda ya kira ɗin ma ɓatan lamba ya yi.

Ta kwana uku a cikin shinkafa kafin mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai. Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da layi biyu, da Malam, wanda tun ranar yake neman muryar a cikin kansa. Kalmomin suna nan, muryar ce ta ƙi zuwa.

Za a binne marigayiya gobe da lokacin tara, a durowar teburinsa ta ƙasa. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da ƙafa, babu inda za a kira. Yarinyar bencin baya ba za ta samu halarta ba, amma ta aiko monita ya ba Malam haƙuri, ta ce ana sabawa.