Farfesan Rumfa da Littattafan Auta

Allah ya yi wa Birnin Gwari baiwa da dama, amma babu kamar Malam Nababa. Tun da ya yi ritaya daga aikin ofis ya sadaukar da ransa ga ilimantar da jama'a, ko suna so ko ba sa so. Kullum da hantsi yana rumfar mai shayi a bakin tasha, tabarau a kan hanci, littafi a hammata. Direbobi suka raɗa masa Farfesan Rumfa. Shi kuwa ya ɗauka digiri ne, ya karɓa hannu biyu.

A bara ne garin ya rabu biyu a kan littattafan Gabriel Auta, wani tsohon malamin makaranta da ya koma Kaduna yana rubutu. Na farko, Ƙararrawar da Ta Ɓace, labarin wani fasto ne da wani malami mai tabarau da suka haɗa kai suna bin sawun ɓarayin kayan coci. Na biyu, Mai Wa'azin Kurmi, a kan wani mayaudari ne da ya tara mabiya a daji yana cewa shi kaɗai ke da makullin Aljanna. Dinah mai kemis ta ce na biyu ya hana ta barci. Munzali tela ya rantse na farko ya fi.

Abu ya zo gaban Farfesa, ya gyara zama.

"Ku saurara, ku ƙaru. Na farko yana da nauyin ilimi, na biyu nauyin takarda kawai. A na farko akwai falsafa. A na biyu kuwa, sai gudu da ihu. Kuma bari in faɗa muku sirri: malamin nan mai tabarau, wanda ya warware komai, ni ne. Auta ya sha zama a rumfar nan yana kwasar hikimata."

Aka tambaye shi yadda na biyu ya ƙare. Ya ce babban masani ba ya ɓata wa ƙananan makaranta daɗin labari.

Ganga in ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Ƙungiyar makaranta littattafai ta garin ta gayyato Auta, kuma a ranar za a zaɓi shugaba. Farfesa, da ke hangen kujerar, ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya karɓe lasifika tun kafin a ba shi. Ya yabi na farko har ya yi gumi, ya yi wa na biyu kaca-kaca, ya kira shi abincin jahilai. Sannan ya juya wurin baƙo.

"Malam Auta, faɗa musu da bakinka. Ba ni ka sa a littafinka ba?"

Auta ya yi murmushi. "Gaskiya ne, yallaɓai, kana ciki. Amma malamin na farko ƙirƙirarsa na yi. Kai kana cikin na biyu."

Dinah ta toshe baki da gyale, domin ta gane. A littafin akwai wani dattijo da mabiyan mayaudarin suka kama, ya yi ta yi musu jawabi ba dare ba rana, har suka gaji suka rako shi gida da kansu, suka yi wa matarsa jaje.

Ɗakin taro ya ɗauki dariya. Aka zaɓi Dinah.

Da wani ne, da ya shige ɗaka ya yi wata bai fito ba. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Washegari da hantsi sai ga Farfesa a rumfa, ya gyara tabarau, ya sanar da cewa bayan dogon nazari ya gano na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Munzali ya ce, "To Malam, yanzu ka karanta shi ke nan?"

"Ina ruwana da karantawa? Ai ni aka rubuta."