Takalmin Fadama a Layin Lilo

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Ummi wajen wasan yara a birni ba. Ummi 'yata ce, mai sunan mahaifiyata. Na yi mata alkawarin in ta zo ta ɗaya a Islamiyya, da Sallah zan hau da ita babban lilon nan mai juyawa har sama. Ta zo ta ɗaya. Saura ni.

Ni manomin rani ne a Bunkure, a cikin taɓon shinkafa ƙafata ta girma, faɗinta kamar faranti. Amma na rantse 'yan birni ba za su kira ni baƙauye ba. Na sayo baƙin takalmi sau-ciki mai tsinin baki da 'yar siririyar safa mai santsi. Uwar Ummi ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ai na zama ne, ba na yawo ba." Na ce me ta sani a harkar gayu? (Ashe ta sani.)

Kafin azahar dunduniyata ta yi bororo, safa sai zamewa take, ni kuma ina ta murmushin dole. Layin lilon ya yi tsawo, sai na ce mu yi sallah tukuna. Da na idar na zo mayar da takalmi, ƙafa ta kumbura, ta ce ba ta san zancen ba. Na tura, na danna, har wani bawan Allah ya taya ni ja. Ina! Ga simintin wurin ya ɗauki rana, ba ya takuwa.

Ummi ta dube ni idonta ya ciko, ta ce, "Baba, mu tafi gida kawai, wata Sallar ma hau." Wallahi wannan maganar ta fi bororon zafi.

Nan na tuna a tsohuwar motata ta ɗibar tumatir muka zo, kuma bayan kujera dogon takalmina na roba yake kwana, wanda nake shiga ruwa da shi, da safa mai kauri cushe a ciki. Na bi inuwa ina ɗingishi har mota.

Ku hango ni: farar shadda ta sha guga, hula ta zauna daram, ƙasa kuma takalmin fadama har gwiwa da busasshen taɓonsa. Mai karɓar tikiti ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, yau za a sako ruwan ne?" Layi ya fashe da dariya, samari suka ɗaga wayoyi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ummi ta damƙe hannuna ta ce, "Baba, ƙyale su, layi na tafiya."

Muka hau. Ita tana ihun murna, ni ina salati ido a rufe. Daga nan ba abin da muka bari ba mu hau ba, ƙafata kuwa lafiya lau.

Na dai koyi darasi: ranar dogon yawo, takalmin da ya san ƙafarka za ka ɗauka, ko da bai san birni ba. Da za mu fita, mai hoto ya ce don rufin asiri zai ɗauke ni daga gwiwa zuwa sama. Ummi ta ce, "A'a, har takalmin." Hoton yana nan rataye a ɗakina, duk baƙon da ya zo shi nake fara nuna masa.