Nauyin Teta Wadi'a

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganin fuskarka da sassafe ya ɓata min yini. Har yanzu kana ƙarƙashin wannan gawar?"

"Barka da asuba, tsohuwa mai ran ƙarfe. Gawa dai ta tashi. Taki muke jira."

"Ka jira har ka gaji. Ni zan zuba maka ƙasa."

Jabbur ya zaro kansa daga ƙarƙashin babur ɗin ƙanƙara, hannu duk giris, ya dubi kakarsa. Teta Wadi'a na tsaye a ƙofar rumbun tuffa da ya mayar gareji, ta sha kwat har idon sawu, ta yi suntum kamar an hura ta. Tun shekaranjiya dusar ƙanƙara ta toshe hanyar da ta haura daga ƙauyensu Akura zuwa gidajen saman dutse, inda yayarta Nazha ke kwance da ciwon ƙirji. Wayar ƙarshe da aka samu, an ce numfashi na yi mata wuya. Daga nan layi ya mutu. Jabbur ya san tsohuwar ba ta runtsa ba, ya kuma san ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta ce tana cikin damuwa ba.

"Tukunyata zan je karɓowa," in ji ta. "Ta jan ƙarfe. Nazha ta are ta tun bikin ubanka. Kar a wayi gari 'ya'yanta su ce gado ce."

"Saboda tukunya za ki hau abin da kika rantse ba ki ƙara hawa?"

"Na rantse, don bara ka kife da ni a kafaɗar dutse, ƙafa sama kai ƙasa. Rabin Akura sun ga safata."

"Ɗaya ja, ɗaya ruwan toka. Har Abuna, limamin coci, sai da ya kasa gama huɗuba ran Lahadi don dariya."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya, ja'iri. Tari ne ya sarƙe shi."

Ta shigo tana dogara sanda, ta kewaye babur ɗin tana leƙe. Haka take tun fil azal. Ba ta yarda da inji ba, amma ba ta iya wuce shi ba ta sa ido ba. Ta ƙwanƙwasa takalmin zamiya na dama da sandar, ta ƙwanƙwasa na hagu.

"Me ka yi masa? Na ga gabansa ya tsuke."

"Ashe idon yana aiki. Na kwance tsofaffin hannuwan da ke riƙe takalman, na sa gajeru. Ƙafafun sun matso kusa da juna."

"Ya Adra, Budurwa Mai Tsarki! Rashin hankalin naka ya kai nan? Ko yaro ya san tebur mai buɗaɗɗun ƙafafu shi ne ba ya faɗuwa."

"Kin taɓa ganin tebur yana ratsa gefen dutse?"

"Na ga jaki yana tuƙa babur, me ya rage?"

"Saurara, tsohuwa. Mai faɗin ƙafa so yake ya kwanta daidai da gangara, sai ta ja shi ƙasa. Abin da ya same mu bara ke nan. Wannan kuwa in na fizgo shi, sai ya jingina da dutsen, ƙafar sama ta nutse cikin ƙanƙara, ta ƙasa ta ɗaga. A kaikaice za mu ratsa."

Ta dubi takalman biyu. "Alfadarin babana haka yake yi a hanyar nan. Ya manna haƙarƙari da dutse, ya tattara ƙafafu wuri guda."

"Kin gani."

"Sai dai shi yana da kunnuwa. Kafin ya kayar da kai sai ya kwantar da su, ka shirya. Naka fa?"

"Nawa sai ya ji kin fara surutu."

"To mun faɗi tun a ƙofa." Ta nuna da sandar. "Waɗannan masu sheƙi kamar kyandir ɗin coci fa?"

"Shokazoba, sababbi fil. Gwiwoyinsa ke nan. Mai ne a ciki, ga sifirin ya naɗe su. In muka daki tudu su shanye, ba sai haƙoranki sun zube ba. Au, na manta, a kofi suke kwana."

"Gwiwar nan da kake gani ta haura dutsen can da cikin ubanka, da tulu a kafaɗa." Ta sunkuya ta shafa ƙarfen da yatsa. "Mai a ciki, ka ce? Ba ya daskarewa?"

"Ba irin man girkinki ba ne."

"Ba su yin na mutane? A sa min biyu."

"Injin ya tsufa, ba a samun kayansa."

Sanda ta sauka a ƙaurinsa. Ya yi tsalle yana dariya, ya ɗauko sifana, ya kama wani zobe da ke gindin sifirin.

"Saura abu guda. Wannan zoben ana murɗa shi ne daidai da kayan da za a ɗora. In ya yi laushi gaba zai nutse, in ya yi tauri zai riƙa cilla mu. Don haka, Teta, nawa ne nauyinki?"

Ta galla masa harara.

"Kakanka ya zauna da ni har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa yi min wannan tambayar ba."

"Shi bai ɗauke ki ya haura dutse ba."

"Ya ɗauke ni ranar aure, cak, har cikin ɗaki."

"Shi ya sa na taso na same shi a duƙe."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Nauyina nauyin amarya."

"Da sadakinta da akwatunanta?" Ya nuna babban sikelin da ke lungu. "Hau can mu gani."

"Ni ce akwatin tuffa?"

"Wadda ta kwana biyu a rumbu, ta yamutse."

"Ko gawata ba za ta hau sikelin nan ba."

"Ba komai. Babur zai faɗa min."

Nan ta ɗago kai. "Ta yaya ƙarfe zai tona ni?"

Ya nuna mata wani siririn zoben roba a jikin sandar shokazoba. Ya ce in nauyi ya danne, sai ya tura robar sama, in an sauka ta tsaya a inda ta kai, kamar alamar da ruwa ke bari a jikin randa. Tsohuwa ta dubi robar, ta dube shi, son ganin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfin girman kai. Ta jingine sanda, ya tallabe ta ta hau baya, shi ya tsaya a gaba ya karkata babur ɗin gefe kamar suna kan gangara. Babur ya yi ƙasa ƙiiit. Daga cikin kwat ɗin kuma aka ji ƙarar kwalabe, ƙwal-ƙwal.

"Teta, ƙasusuwanki ne ke wannan kiɗan?"

"Tsufa ne."

Sai ga kan kaza ya leƙo ta tsakanin maɓallai, ta dubi Jabbur da ido ɗaya.

"Wannan ma tsufa ne?"

"Wannan miya ce. Mai ciwon ƙirji romo take so."

"Na ɗauka tukunya za mu karɓo."

"A cikin me zan dafa, mai kan kabewa?"

"Sauko. Duk abin da ke cikin rumbun nan naki a fito da shi, in ɗaure a inda ya dace. In kaya suka taru gefe guda, Akura za ta sake ganin safa."

Ta sauko tana gunaguni, ta fara zarowa. Kwalbar garin kishik, na alkama da busasshen nono. Kwalbar nama soyayye cikin kitse. Zumar inabi. Gurasa naɗe a tsumma, da ɗuminta. Ƙaramar kwalbar mai da aka yi wa addu'a a coci. Jabbur na karɓa yana aunawa a tafin hannu, tsohuwa kuwa sai ƙanƙancewa take yi a gabansa, har ta koma 'yar mitsitsiya cikin ƙaton kwat.

"Ashe rabinki kanti ne. Saura na hammata."

"Babu komai a hammata."

"Tun ɗazu hannunki na hagu bai ɗaga ba."

"Sanyi ne ya riƙe shi."

Amma bakin wani ƙulli ya riga ya leƙo. Baƙin yadi ne, an ninke shi da kyau, yana ƙamshin sabulun ajiya. Jabbur ya gane rigar. Ita ta sa lokacin makokin kakansa. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya mayar da shi kan sifanar da ke hannunsa.

"Wannan kam babur ba zai iya ɗauka ba," in ji shi.

"Ba ta kai nauyin gurasa ba."

"Kawo ki gani." Ya ɗora ƙullin a kan kujera, ya danna gaban babur ɗin da gwiwa har ya durƙusa. "Kin ga? Saura kaɗan sababbin ƙafafuna su karye."

"Na ga gwiwarka, maƙaryacin banza."

"Zan ɗauki kaza, zan ɗauki kwalabe, zan ɗauke ki da bakinki, wanda shi kaɗai ya yi buhu. Ban da wannan. In muka iske Nazha zaune tana zagin 'ya'yanta, ta hangi rigar nan a hammatarki, me za ki ce mata?"

"In ce na zo da ita ne saboda direba."

"Teta."

Ta kau da kai wajen ƙofa, inda dutsen ya yi fari fat. "In kuma muka iske..."

"To ni zan sauko in ɗauko miki, ko da ƙafa ne. Amma ba za mu kai mata ita ba tun ba a ce mana komai ba."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Kaza ta yi ƙara a cikin kwandon da ya sa ta. Tsohuwa ta ja hanci, dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta share da bakin gyale.

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya maka magana."

"Tana tsaye a gabana."

Ta ɗauki rigar da hannunta, ta ajiye a kan akwatin tuffa, ta juya mata baya. Ta laluba aljihu ta zaro busasshen ɓaure, ta cusa masa a baki.

"Ci, bakin ya huta. Ka ci ni yau, gobe ma rana ce ta Allah. Murɗa abin naka."

Ya murɗa zoben dama, ya murɗa na hagu, ya ɗaure kaya rabi nan rabi can. Inji ya tashi. Ta hau, ta zagaye ƙugunsa da hannu biyu, ta ƙanƙame shi ƙam.

"In na ce dama, ki kwanto dama," ya ɗaga murya.

"Na ji. Yi sauri, ɗan nema. Miya zan dafa mata, ta sha ta ce gishiri ya yi yawa."