Ranar Da Na Kashe Kawuna Saboda Tattabaru

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da kuwa zan manta sunan unguwarmu. Lokacin ina da shekara arba'in da bakwai, ashirin daga ciki na yi su ne a kan kujera ɗaya a ofishin ajiye fayil na ƙaramar hukuma a nan Daura. Yaran da na koya wa buga hatimi sun zama masu sa hannu, ni kuwa ina nan ina kaɗe ƙura. Wallahi na tsani aikin nan. Da safe in na ɗauki hula, ji nake kamar za a kai ni cire haƙori.

Abin da ya riƙe ni a duniya tattabaru ne. Na gina musu ɗaki a bayan gida, na rataye tukwane, in na taso aiki sai in watsa gero in zauna ina kallonsu har magariba. (Maiɗakina ta ce su kaɗai nake yi wa dariya a gidan, kuma ba ta yi ƙarya ba.)

Sai ga labari ranar Talata cewa wani mutum a Kongolam, can bakin iyaka, ya shigo da wasu farare masu gashi har ƙafa, kuma kafin Asabar za a saye su. Na rasa me zan gaya wa shugaban sashenmu, Alhaji Mamman. Ta yaya ƙato da furfura zai ce yana neman izinin zuwa ganin tsuntsu? Sai bakina ya ce an yi mana rasuwa a Baure. Ya tambayi wane ne, na ce Kawu Iliya. Kawu Iliyan da ya riƙe ni tun ina shekara shida, ya sayar da akuyarsa ya sa ni makaranta. Dangi duk ga su nan, shi na zaɓa.

Alhaji ya yi salati, ya ba ni kwana uku. Laraba na hau babur na je na dawo da tattabaruna a kwali, ina ta murmushi ni kaɗai a hanya.

Alhamis da hantsi sai ga Kawu Iliya da ransa da lafiyarsa, ya zo ganin likitan ido. Na ce a raina ai 'yan ofis ba su san fuskarsa ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura, na koma bayan gida wajen baƙina farare.

Abin da na manta shi ne mutanenmu ba sa barin ta'aziyya ta wuce su. Alhaji ya cika motar ofis da ma'aikata za su Baure, suka biyo ta gidana don a ba su wanda zai nuna musu hanya. Ina jin sallama na fito a guje, daga ni sai singileti, kashin tattabara a kafaɗa, kwanon gero a hannu. Na tarar sun riga sun zauna sun kewaye tsohon, an ɗaga hannu ana roƙa wa Malam Iliya gafara da hasken kabari. Shi ma ya ɗaga nasa, yana amin.

Da aka shafa, Alhaji ya matsa kusa da shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ku ne ƙanin marigayin?"

Kawu ya dube ni da idon nan nasa mai ciwo, sannan ya ce, "A'a ɗana, ni ne marigayin."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma. Bayan sun tafi Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce in kai shi ya ga abin da aka kashe shi dominsa. Ya tsaya ya kalle su, ya ce suna da kyau, sannan ya ce da na gaya masa aikin yana cina haka, da ya zo mun zauna tun tuni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa ta gaske. Na shiga ofis ido jawur na faɗa. Alhaji ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a takardar izinin, amma motar ofis ba ta je Baure ba. Ban ga laifin kowa ba, ni na cinye wa tsohon ta'aziyyarsa tun yana raye.

Har yanzu ina kan kujerar, tattabarun ma sun yi jikoki. Amma in zan je ganin tsuntsu yanzu, tsuntsu nake rubutawa a takardar izini. Su yi dariyarsu, ba wanda zan sake binnewa.